Sunan Wa Kika Bayar a Katin Awo? Darasi Kan Makusancin Mai Ciki

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani layi guda ɗaya da ke jikin katin awon ciki. Ranar da mace ta zo yankar kati, bayan an tambaye ta sunanta da shekarunta da garinsu, akan ce mata, "Wa za mu nema idan wani abu ya taso?" Mafi yawanci sai ta sunkuyar da kai, 'yar rakiyarta ta faɗi sunan maigida, a rubuta, a wuce. Wannan mutum da aka rubuta shi ne makusanci, kuma akwai daren da ran mace kan rataya a kan samunsa ko rashin samunsa.

Da farko bari mu kawar da wani ruɗani. Rubuta mutum a matsayin makusanci a asibiti bai mai da shi magaji ba, bai kuma hana kowa gadonsa ba. Rabon gado yana da nasa hukunci dabam. Abin da mu ma'aikata muke nufi shi ne wanda za a kira, ya amsa, ya zo, ya tsaya a kan lamarin.

Na zaɓi in yi misali da mutanen Kusa da kewayenta a ƙaramar hukumar Jibiya, domin halin da suke ciki ya fi fito da matsalar fili. Magidanta da yawa a wannan yanki neman abincinsu a kan iyaka yake. Mutum zai kwana a gida, da safe ya ƙetare ta Magama ya nufi Ɗan Isa ko Maraɗi, layin wayarsa na Nijeriya ya daina shiga. Wani kuma ya tafi ci-rani kudu sai bayan watanni. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, ko kuma rufe iyaka da aka yi a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Naƙuda ba ta san da wannan ba.

Akwai wata baiwar Allah da aka taɓa kawo mana cikin dare, haihuwarta ta shida, ta haihu a gida tun da la'asar amma mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini yana ta zuba. Da muka tambayi abin da ya sa aka daɗe haka, sai uwar mijinta ta ce maigidan yana ƙetare, an yi ta kiran wayarsa ba ta shiga, kuma ba wanda ya isa ya fitar da matar wani ba da izininsa ba. Sai da ƙanen mijin ya dawo daga kasuwa ya ɗauki nauyin abin a wuyansa. Allah Ya sa da sauran kwana, ta tashi bayan ƙarin jini. Da mijin ya iso washegari, abin da ya fara cewa shi ne, "Ai da an kawo ta, wa zai hana?" Gaskiya ya faɗa, to amma bai faɗe ta ba kafin ya tafi.

Masana sun daɗe da gano cewa jinkiri iri uku ne ke hallaka mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Na ukun namu ne, mu ma'aikata, kuma ba ma wanke kanmu daga gare shi. Biyun farko kuwa a hannun makusanci suke. Zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa 2 kacal. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya.

Saboda haka, Malam, ka bar izini tun ciki yana wata bakwai. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka, da matarka, da wani namiji baligi na gidan ko maƙwabci amintacce, cewa duk lokacin da aka ga alamar haɗari a tafi da ita asibiti, kana nan ko ba ka nan. Ka bar kuɗin mota a hannun wanda ba zai taɓa su ba, ka kuma yi magana da direban da ya yarda a tashe shi. Tunda tafiyar dare a hanyoyinmu tana da nata hatsarin, macen da aka gaya wa a wajen awo cewa cikinta na buƙatar lura ta musamman, kamar mai tagwaye, ko mai hawan jini, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, gara ta koma wajen dangi kusa da asibiti, a Jibiya ko cikin Katsina, tun kafin watanta ya tsaya.

Alamomin da makusanci ba zai jira kowa a kansu ba su ne: zubar jini komai ƙanƙantarsa ga mai ciki, ko mai yawa bayan haihuwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba, ɗa ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce awa 12. Ita doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, kuma duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga abin da take bari.

Wani abin da ake mantawa shi ne goyon ciki. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta, wataƙila ma a can ƙetare suke, alhali sunan miji kaɗai ke jikin kati. Ki ba da suna biyu da lambar waya biyu, ki tafi da katinki duk inda kika je. Ke kuma uwa, kin san kunyar 'yar fari, za ta iya kwana tana murƙususu ba ta ce uffan ba. Ki sa mata ido.

To an iso asibiti, mene ne aikin makusanci? Na farko shi ne faɗin gaskiya. Yaushe naƙuda ta fara, zane nawa ta jiƙa da jini, me aka ba ta ta sha a gida, an yi mata allurar naƙuda a kemis, an yi yankan gishiri? Ba don mu yi faɗa muke tambaya ba, ko da yake na san wasunmu bakinsu da zafi. Amsar ce ke nuna mana maganin da za mu fara da shi.

Na biyu, batun sa hannu idan za a yi aiki. Mace baliga mai cikakken hankali ita ke da haƙƙin amincewa a kan jikinta, kuma sa hannunta ko dangwalen yatsanta ya wadatar. Muna son miji ya ji bayani ya kuma goyi baya, domin hankalin matar ya fi kwanciya. Idan ba ta cikin hayyacinta ne ake juyawa ga makusanci. A nan ne wasu ke ja da baya, suna tsoron kada a ce su suka sa hannu aka kashe 'yar mutane. Takardar ba ta ɗora wa kowa alhakin rai ba, shaida ce kawai cewa an yi bayani an fahimta. Ku yi tambaya har sai kun gane, amma kada a ce sai an koma gida an yi shawara alhali jariri yana galabaita a ciki. Ku kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Na uku, jini. A zo da mutum biyu ko uku masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa sama, waɗanda nauyinsu ya kai kilo 50. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Sau da yawa ba jinin mijin ake ƙara wa matarsa kai tsaye ba, domin hakan na iya jawo matsala ga cikin da za ta ɗauka nan gaba. Akan ajiye nasa a ma'ajiyar jini, a ba ta wanda ya dace da ita.

Akwai kuma iyakar da makusanci ba ya ƙetarewa. Sakamakon gwajin mace sirrinta ne. Suruka ko yaya ba za ta tsare ungozoma a baranda ta ce sai an gaya mata abin da aka gani a jini ba, sai in mai jikin ce ta yarda.

Game da shiga ɗakin haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar mace da mutum ɗaya da ta zaɓa ya zauna da ita lokacin naƙuda. A ɗakin da mata da yawa ke kwance, labule kaɗai ya raba su, ba zai yiwu namiji ya shiga ba, don haka ki zaɓi mace mai dauriya wadda kike sakewa da ita. Ki tambayi ungozomarki tsarin asibitin da za ki haihu tun ranar awo.

Bayan an sauka lafiya, 'yar rakiya kada ta tafi shelar haihuwa ta bar mai jego ita kaɗai. Awa 24 na farko su ne mafi haɗari. Ta riƙa duba ƙunzugu, in ya jiƙe sharkaf cikin ɗan lokaci, ko mai jego ta ce jiri take ji, ta kira ma'aikaciya nan take ko da tsakar dare ne.

Wadda take son canza sunan da ke katinta, ko ƙara na biyu, ta yi wa ungozoma magana a awo mai zuwa. Ba a biyan ko kwabo.