Me Ke Faruwa Cikin Sakan Ɗaya?

Akwai musu guda biyu da ba sa ƙarewa a makarantar nan, ko a teburin mai shayi na bakin get, ko a cikin aji kafin malam ya shigo. Na farko shi ne layin wa ya fi gudu, kuma me ya sa data ke ƙarewa ba a yi komai da ita ba. Na biyu shi ne wane direba ne ya iya mota, wanda galibi ma'anarsa wane ne ya fi taka wuta. Duka biyun musu ne a kan gudu. Abin da na lura da shi a shekara biyun da na yi a sashen kimiyyar kwamfuta shi ne, kowa na ɗaga murya amma ba mai tambayar abu guda: a cikin sakan ɗaya, nawa ake ci? Idan aka mayar da lissafin zuwa sakan ɗaya, rabin musun ya mutu da kansa.

Mu fara da harafi ɗaya. Idan ka gwada gudun intanet a wayarka za ka ga an rubuta misali 10 Mbps. Idan kana sauke fayil kuma sai ka ga 1.2 MB/s, ka fara zagin kamfani cewa sun cuce ka. Ba su cuce ka a nan ba. Ƙaramin harafin b yana nufin bit, babban B kuma bayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Kamfanoni suna tallar gudu da megabit, amma girman fayil da datar da kake saya da megabayit ake auna su. Saboda haka ka raba da 8. Layin da ke ba ka 10 Mbps, iyakar abin da zai sauke maka a sakan ɗaya shi ne megabayit 1.25. Fayil mai girman gigabayit 1 zai ɗauki sakan 800, wato minti 13 da ɗoriya, in ma komai na tafiya daidai ke nan.

Wannan lissafin ne ke amsa ƙorafin "data ta ta ɓace". A ce bidiyon da kake kallo yana jan 4 Mbps. Rabin megabayit ke nan duk sakan, megabayit 30 a minti, gigabayit 1.8 a awa ɗaya. Abin da mutane ba sa so su ji shi ne, YouTube da TikTok da ire-irensu suna duba ƙarfin layinka su zaɓa maka ingancin hoto da kansu. Layi na ƙara kyau, hoto na ƙara fitowa tar, data na ƙara zuba. Shi ya sa wanda ya koma waya mai 4G ko 5G yake rantsuwa an fi satar masa data yanzu. Shiga saitin manhajar ka rage ingancin bidiyon da hannunka. Idan kuma kana kunna wa laftof hotsifot don aikin furojet, ka sani Windows tana ɗaukar kowane Wi-Fi tamkar kyauta ne, sai ta hau sabunta kanta a ɓoye. A saitin Wi-Fi ɗin akwai wurin da aka rubuta Metered connection, ka kunna shi. Ban ce kamfanonin sadarwa waliyyai ba ne, kuma mai ƙorafi na gaskiya yana da hukumar NCC. Amma ka fara duba shafin amfani da data na wayarka, ka ga wace manhaja ce ta ci, kafin ka kai ƙara.

Wi-Fi daban, intanet daban

Yanzu da yawa daga cikinmu da ke zaune a wajen makaranta ana yin karo-karo, mutum shida ko goma, a sayi rauta ko MiFi a riƙa zuba mata data ta wata. Dabara ce mai kyau, amma ita ma ta haifo nata rigimar. Wani zai ce, "Wallahi Wi-Fi ya cika fal a wayata, amma ko WhatsApp ba ya tafiya, wani ne ya taɓa wani abu."

Ka ɗauki rauta a matsayin tankin ruwa na gida. Wi-Fi shi ne fayif ɗin da ya taso daga tanki zuwa ɗakinka. Intanet kuma shi ne ruwan da ke shigowa tankin daga waje. Alamar Wi-Fi da ta cika tana gaya maka fayif ɗin cikin gida lafiya yake, ba ta san komai game da ruwan waje ba. Waɗanda suka tuna ranar 14 ga Maris, 2024 sun ga misali: manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da Kodebuwa, har harkar bankuna ta taɓu. A ranar, rautar kowa tana haske kamar kullum.

Kuma ruwan da ke shigowa rabawa ake yi. In rautarku tana samun 20 Mbps, ku goma kuka hau a lokaci guda, kowa 2 Mbps ya samu, in ma an yi raba daidai. Mutum ɗaya mai sauke fim zai iya danne sauran. Ƙarfen sabis na unguwa ma haka yake, duk wayoyin da ke kewaye da shi ne ke raba ƙarfinsa. Dalilin da ya sa layin da ke tashi kamar iska da ƙarfe uku na dare yake rarrafe da ƙarfe tara ke nan. Don haka musun "layina ya fi naka" ba shi da amsa guda. Ya danganta da inda kake tsaye da kuma ƙarfe nawa ne.

Ta ɓangaren cikin gida kuwa, inda aka ajiye rauta ya fi tsadarta muhimmanci. Bangon siminti yana rage sigina, ƙarfe ya fi shi. Na sha ganin an kulle rauta cikin akwatin ƙarfe saboda tsoron ɓarayi, sannan ana mamakin abin da ya hana ta aiki. A ɗaga ta sama, a fili, kusa da tsakiyar ɗakunan. In mai amfani da layin waya ce, a gwada kusa da taga ta ɓangarori daban-daban a ga inda sabis ya fi shigowa. Yawancin rautoci na yanzu suna watsa sigina iri biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkushe yake, domin Bluetooth da rautocin maƙwabta duk a nan suke, kuma tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Na biyun ya fi gudu amma ba ya nisa. Mai ɗaki kusa da rauta ya hau na 5, na ƙarshen layi ya hau na 2.4. A nan ma akwai ruɗani: in ka ga sunan Wi-Fi ya ƙare da 5G, wannan 5 GHz ake nufi, ba shi da alaƙa da 5G ɗin kamfanonin waya da aka fara a Najeriya a 2022.

Batun tsaro a taƙaice. Rauta tana da kalmar sirri biyu: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga saitinta, wanda ake buɗewa da adireshi irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, yana nan rubuce a jikinta. Ta biyun ce ake mantawa, sau da yawa a bar ta a "admin" yadda ta zo daga kamfani, kuma duk wanda ya shiga nan shi ne mai gida. A canja ta, mutum ɗaya ya riƙe. A sa tsaron a WPA2 ko WPA3, a kashe WPS. Sannan ku sani, wayar Android tana iya fito da kalmar sirrin Wi-Fi a hoton QR ta miƙa wa wani cikin sakan biyu. Galibi ba wani gwanin kutse ne ke shan datarku ba, abokin abokin wani ne.

Raba da 3.6

A musun intanet, wanda ya yi kuskure datarsa ce ta tafi. A musun titi ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan, 'yan uwa.

Agogon mota kilomita a awa yake nunawa, kuma awa abu ne mai tsawo, shi ya sa lambar ba ta ba mu tsoro. Raba ta da 3.6, za ta ba ka mita a sakan. Kilomita 50 a awa mita 14 ne duk sakan. Kilomita 60, kusan mita 17. Kilomita 100, kusan mita 28. Yanzu ɗauki direban adaidaita sahu ko ɗalibi a kan mashin da ya sunkuya ya duba saƙo na sakan uku yana gudun 60. Ya ci mita 50, kusan rabin filin ƙwallo, ido ba ya kan hanya. A cikin mita 50 na titin gaban makarantar nan, ƙirga masu tsallakawa nawa ne, masu talla nawa, awaki nawa. Ita dai hukumar da na ambata ta ce mai tuƙi yana amfani da waya ya ninka haɗarin yin karo kusan sau huɗu, kuma sa iyafis bai rage abin a zo a gani ba, saboda matsalar ba a hannu kaɗai take ba, hankali ne ya rabu.

Sai maganar birki, inda na fi jin musu daga abokanmu masu cewa "ni na san hannuna". Nisan da mota ke ci bayan an taka birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. 'Yan sashen injiniya sun san wannan tun ajin farko. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mota mai gudun 50 tana buƙatar kimanin mita 14 ta tsaya, mai gudun 100 kuma kimanin mita 55. Ƙara sakan ɗayan da direba ke ɓatawa kafin ƙafarsa ta kai kan birki: mita 28 ke nan a gudun 50, mita 83 a gudun 100. Wannan fa da sabuwar taya ne. Ba maganar gogaggiyar taya ake ba, ko damina, ko mota mai ɗauke da mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da buhunan masara a but. Iya tuƙi ba ya canja wannan lissafin.

To me ake samu a madadin? Tafiyar kilomita 10 a gudun 60 minti 10 ce, a gudun 80 minti bakwai da rabi. Minti biyu da rabi aka tsira da shi. Tafiyar kilomita 200 ta komawa gida hutu, a gudun 100 awa biyu ce, a gudun 120 awa ɗaya da minti 40. An rage minti 20, nisan birki kuma ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta sa wa ƙananan motoci iyakar 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Iyaka ce, ba wai dole sai an kai can ba.

Mu masu tafiya a ƙasa ma lissafin ya shafe mu. Titi mai layi biyu faɗinsa kusan mita 7 ne, tsallaka shi da tafiya ta yau da kullum sakan biyar ne. Motar da ke gudun 80 tana cin mita 110 a wannan lokacin. Wato motar da ka hango can nesa ka ce "ai zan wuce", tare za ku iso. Da dare kuma kai kana ganin fitilarta, shi direban ba ya ganinka, balle in kana cikin baƙaƙen kaya. 'Yan uwa mata masu dogon hijabi ko abaya, a tattare gefen kafin mashin ya tashi, domin ƙafar baya da sarƙa suna kama tufa. Iyafis kuma a cire kafin a sa ƙafa a kwalta.

Hular kwano fa? Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a watan Janairun 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaba suka riƙa kifawa a kai don su tsere wa kamu. Har yau mafi yawanmu kallon ta muke a matsayin abin gudun tara. Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. Wannan ne ƙarfin da mai cewa "zan dafe da hannu" yake so ya tare, ko a mashin ba hula, ko a mota ba bel. Wani kan ce in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne. Amma mai faɗin haka na ga yana sa wa ƙofar ɗakinsa kwaɗo biyu saboda laftof.

Abin da ya fi wuya shi ne zama fasinja. Mota ta cika da ɗalibai, direba yana gudu yana amsa waya, kowa ya yi tsit don kada a ce masa matsoraci. Ba sai an yi faɗa ba, faɗa ma ƙara tunzura shi yake. "Malam direba, don Allah a sassauta mana, ba sauri muke ba," ko "Baba, a tsaya a gefe a amsa wayar, za mu jira," yakan yi aiki, musamman in mutum na biyu ya mara baya nan take. In ka ji wani ya fara, kada ka bar shi shi kaɗai. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112, duka kyauta ake kira. A ajiye su a waya kafin tafiyar hutun ƙarshen wannan zangon.