Yadda Ake Gane Darajar Tsohon Keken Hawan Dutse da Yi Masa Kuɗi

A Amurka da Ingila da Jamus akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin kekunan hawan dutse, musamman waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Suna neman su ruwa a jallo, suna adana su, wasu ma a falo suke rataye su. Abin ya shafe mu ta hanya ɗaya: kekunan gwanjo da ake shigo da su daga Turai da Japan kan zo a cakuɗe, kuma jefi-jefi akan sami ɗan asali a cikinsu, ana sayar da shi kuɗin keken kai yara makaranta. Sai dai kar wannan ya ruɗe ka. Mafi yawan tsofaffin kekuna tsofaffi ne kawai, tsufa ba ya ƙara musu ko sisi. Abin da masu tarawa ke biya shi ne hannun da ya ƙera keken, da ƙarancinsa, da kuma kasancewarsa yadda ya fito tun farko. Ga yadda za ka bi ka tantance.

Mataki na farko: san tarihin kafin ka taɓa aljihu

Keken hawan dutse ɗan gundumar Marin ne a jihar Kalifoniya. A shekarun 1970 wasu samari suka riƙa ɗauko tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 suna gangarowa da su daga kan tuddai. A 1976 suka fara wata tsere kusa da garin Fairfax da ake kira Repack. Kekunan suna ta karyewa, sai Joe Breeze ya zauna a 1977 ya ƙera sabon firam musamman domin wannan aiki. Guda 10 ya yi a zubin farko, kuma na ɗayan yana ajiye yau a gidan tarihin Smithsonian da ke Washinton. A 1979 Tom Ritchey ya fara ƙera firam ɗin keken dutse, Gary Fisher da Charlie Kelly suna harhaɗawa suna sayarwa. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka ƙera a Japan aka sayar dala 750, daga nan ne keken ya shiga hannun jama'a.

Wannan tarihi shi ne ma'aunin farashi. Duk keken da ya fi kusa da waɗancan mutane da wancan lokaci, ya fi tsada. A sama akwai waɗanda maƙeri ɗaya ya yi da hannunsa, 'yan ƙalilan: Breezer na farko-farko na Joe Breeze, Ritchey na farkon shekarun 1980, kekunan alminiyam na Charlie Cunningham, da na Steve Potts. Samun irin waɗannan a gwanjo abu ne mai wuyar gaske. A ƙasa da su akwai na ƙananan kamfanoni masu suna: Fat Chance na Chris Chance daga Massachusetts, musamman samfurin Yo Eddy, Klein, musamman Attitude da Adroit masu fenti mai ɗaukar ido, Yeti, da Merlin na ƙarfen titaniyam. Sai kuma samfurori na ƙoli daga manyan kamfanoni, kamar GT Zaskar, Bridgestone MB-1, Kona Explosif da Stumpjumper na shekarun farko. A wannan rukuni na uku ne mai sa ido zai fi yin gamo da katar. Sauran kuwa, waɗanda aka buga dubbai aka zuba a manyan kantuna, kekunan hawa ne masu amfani, kuma kuɗin hawa ya kamata a biya su.

Mataki na biyu: tabbatar da sunan

Sitika ba shaida ba ce. Ana buga sabbin sitikun Klein da Yeti ana sayarwa a intanet, kowa na iya manna su a kan firam ɗin banza. Kifa keken ka duba ƙarƙashin gidan feda, a nan akan buga lambar firam. Rubuta ta. Sannan ka nemi kundin tallan kamfanin na wannan shekara, domin masu sha'awa sun ɗora da yawa daga cikinsu a intanet, ka gwada hoton da abin da ke gabanka: launi, siffar mahaɗai, inda wayoyin birki da na giya suka bi.

Kowane maƙeri yana da tambarin hannunsa. A firam ɗin Ritchey na hannu, mahaɗan a cike suke da tagulla an goge su sumul, kamar bututun ya narke ya shiga ɗan'uwansa. Klein bututunsa na alminiyam ne masu kauri, waldar a shafe take, kuma wayoyi kan shige cikin firam su ɓace. GT kuwa sandunan baya suna wuce sandar sirdi su haɗu da ta sama, su yi ɗan kusurwa uku a ƙarƙashin sirdi. Duba kuma ƙaramar sitikar da ke faɗin irin bututun, galibi a sandar sirdi. Idan ka ga Tange Prestige, Ritchey Logic, True Temper, Columbus ko Easton, alama ce ta keke mai nagarta.

Ka kuma lura cewa suna kan canza hannu. Kamfanin Trek ya sayi kamfanin Gary Fisher a 1993, ya sayi Klein a 1995, kuma masu tarawa sun fi son Klein na kafin wannan ciniki. Schwinn da Mongoose daga baya sun koma sunayen kekunan araha a manyan kantunan Amurka. Saboda haka suna shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da shekara.

Mataki na uku: gano shekarar

Nan kayan kamfanin Shimano da ke jikin keken za su taimake ka. A bayan hannun feda, ko a jikin na'urar canza giya, akwai ƙananan haruffa biyu da aka buga. Na farko shekara ne, na biyu wata. Harafin A yana nufin 1976, daga nan a bi jeri: K ita ce 1986, O 1990, Q 1992. A 2002 aka sake komawa kan A. Harafi na biyu kuma A Janairu ne, har zuwa L Disamba. Idan haruffan kayan keken duk sun taru a shekara ɗaya ko biyu, to da alama tare suka fito daga masana'anta.

Siffar keken ma tana magana. Tayoyin wancan zamani inci 26 ne. Birkin baya da aka ɗaura a ƙarƙashi, kusa da gidan feda, yayi ne na wajen 1986 zuwa 1988. Fok mai lotsawa na RockShox ya bayyana ne a wajen 1990, birkin V na Shimano kuma a 1996. Kayan Shimano na Deore XT sun fara fitowa a farkon shekarun 1980, XTR kuma a farkon shekarun 1990, kuma su ne na ƙoli a zamaninsu.

Mataki na huɗu: duba lafiyar firam

A nan ake asara, don haka kar ka yi gaggawa. Fitar da keken rana, ka goge ƙurar da tsumma, ka bi kowace mahaɗa da ido da yatsa. A keken alminiyam nemi tsaga siririya kamar gashi, musamman a wuyan keken, da bakin ramin sirdi, da gefen walda. In ka ga tsaga, a wurin mai tarawa kuɗin firam ɗin ya zube. Kai shi wurin mai walda ba zai dawo da shi ba, domin irin wannan alminiyam yana bukatar a sake gasa shi a masana'anta bayan walda. A keken ƙarfe kuwa tsatsa ce abokiyar gaba, kuma daga ciki take ci. Fentin da ya kumbura a ƙasan sandar sirdi ko a sandunan baya alama ce ta ruwa ya kwana a ciki. Duba bayan wuya, ƙarƙashin sanda: in fentin ya tattare, keken ya taɓa yin karo.

Kwance sirdin ka ja sandarsa. Sandar alminiyam da ta shekara a cikin firam ɗin ƙarfe kan manne ta ƙi fita, kuma cire ta da ƙarfi na iya lalata firam. Danna fok ɗin: da yawa na shekarun 1990 roba ce a cikinsu, kuma robar kan narke ko ta farfashe. Shafa gefen gargare inda birki ke kamawa, in ya yi rami ya kusa ƙarewa.

Mataki na biyar: ƙidaya abin da ya rage na asali

Taya, sarƙa, robar birki da wayoyi, kowa ya san suna ƙarewa, ba a cika damuwa da su ba. Amma fok, kan keke, hannun feda, kayan giya da birki, waɗannan ana so su zama na asali. A Klein Attitude abin ya fi tsanani, domin kai da fok ɗinsa na musamman ne, na wani keke ba ya shiga. In sun ɓata, nemansu na iya cin kuɗin da ya kusa na firam ɗin.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta fenti. Mun saba in keke ya tsufa sai a kai shi a kankare a fesa masa sabon launi don ya yi kyan gani a kasuwa. Ga keken tarihi wannan ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Fentin asali mai ƙwarzane ya fi sabon fenti daraja nesa ba kusa ba, domin shi ne shaidar keken. Wanke shi da ruwa da sabulu mai laushi, sa mai inda ya dace, ka tsaya nan. Duk abin da ka cire, ko da ya lalace, zuba shi a leda ka ajiye tare da keken. Kuma ka raba shi da rana: launuka masu ƙyalli na farkon shekarun 1990 suna saurin koɗewa, ranar ƙasarmu kuwa ba ta da sassauci.

Mataki na shida: yi masa kuɗi

Kuɗin da mai kaya ya ambata daban, kuɗin da aka sallama daban. A intanet za ka ga keke an sa masa farashi mai tsoratarwa, ya shekara ba wanda ya taya. Wannan ba farashi ba ne, buri ne. A eBay akwai inda ake zaɓar a nuna kayan da aka riga aka sayar kaɗai. Nemi samfurinka da shekararsa a can, ka tattara cinikayya da yawa na watannin baya-bayan nan, ka ajiye mafi tsada da mafi araha a gefe, ka riƙe na tsakiya. Gwada hotunansu da naka tsakani da Allah. Girma ma yana tasiri: matsakaici, wajen inci 18 zuwa 19, ya fi saurin samun mai saye.

Abin da ke ɗaga farashi sama da na tsakiya shi ne shaida. Rasit na asali, littafin da ya zo da keken, ko tabbacin cewa wani gwani ya yi tsere a kansa. An yi gasar duniya ta keken dutse ta farko a hukumance a Durango ta jihar Kolorado a 1990, inda Ned Overend da Juli Furtado suka yi nasara, kuma keken da aka tabbatar na irin waɗannan gwanaye ne, ko na John Tomac, kuɗinsa daban ne. Amma labarin baki ba tare da takarda ko hoto ba, kar ka biya masa ƙari.

Daga farashin da ka samu sai ka cire kuɗin kayan da suka ɓata, da la'adar dandalin, da kuɗin kwali da na aikawa ƙasar waje. Keke kaya ne mai girma, kuma aika shi daga Kano ko Maraɗi zuwa Turai na iya cinye ribar keke na rukuni na uku gaba ɗaya. Sau da yawa lissafin zai nuna maka cewa riƙe shi ka hau ya fi. Ba asara ba ce: firam ɗin ƙarfe mai kyau na wancan zamani yana jure hanyoyinmu, kuma taya inci 26 ana samunta a kusan kowace kasuwa.

In ka yanke shawarar sayarwa, ɗauki hoto a haske daga gefen sarƙa, da hoton lambar firam, da na kowane aibi, ka faɗi gaskiyar abin da aka canza. Kar ka saki keken sai kuɗi sun shiga asusunka ka gani da idonka, domin hoton rasit na bogi ya yi yawa. Kai kuma mai saye, in mai kaya ya hana ka kifa keken ka karanta lambarsa, ka bar masa abinsa.