Shin tseren mota gadonsa ake yi? Labarin Max Verstappen

Wani mai karatunmu ya aiko da tambaya yana cewa: "Na ji an ce mahaifin Max Verstappen ma direban tsere ne. Shin gwanintar a jini take, ko kuwa sunan uba ne kawai yake buɗe wa ɗa ƙofa?"

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, har ma da ƙari, domin Max ta wajen uwa da uba duka ya gaji abin. An haife shi a garin Hasselt na ƙasar Beljiyam ranar 30 ga Satumba, 1997. Mahaifinsa, Jos Verstappen, mutumin Holan ne, ya yi tsere fiye da sau 100 a gasar Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, tsakanin 1994 da 2003. Mahaifiyarsa kuwa, Sophie Kumpen, gwana ce a tseren kat. Kat wata 'yar ƙaramar mota ce marar rufi, mai kujera ɗaya, wadda ta kusa taɓa ƙasa, kuma a kanta kusan duk direbobin tsere suke koyon sana'ar.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma a ganina, abin da Max ya fi gada shi ne lokaci da malami. Yana ɗan shekara 4 ya hau kat. Jos ne makanikinsa, shi ne mai haɗa masa inji, shi ne kuma mai ɗaukarsa a mota su ratsa Turai zuwa filayen tsere na Italiya. Ka duba ɗan maƙeri da ya tashi yana zuga: kafin sa'o'insa su san sunan uwar maƙera, hannunsa ya riga ya saba da wuta. Max da kansa ya sha ba da labarin tsananin horon mahaifinsa, kuma ni dai ba zan shawarci wani uba ya kwaikwayi wannan ɓangaren ba.

A 2013 ya ci gasar kat ta duniya. Shekara ɗaya kacal ya yi a Formula 3, ɗaya daga cikin matakan da ake bi kafin a kai sama, sai ƙungiyar Toro Rosso ta ɗauke shi. Ya fara Formula 1 a Ostireliya a 2015 yana ɗan shekara 17, lokacin ko lasin tuƙi a titi shi kaɗai bai samu ba. Wannan ya sa hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta tsaurara ƙa'idar shekarun shiga gasar. A 2016 aka mayar da shi ƙungiyar Red Bull, ya kuma lashe tserensa na farko da ita a Spaniya. Ya zama zakaran duniya sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, a 2023 ma ya ci tsere 19 cikin 22. Shi kuwa Jos bai taɓa zuwa na ɗaya a Formula 1 ba ko sau ɗaya.

Game da sunan uba, kana da gaskiya, yana buɗe ƙofa. Harkar na cin kuɗi ƙwarai, kuma masu ɗaukar nauyi sun fi saurin sauraron sunan da suka sani. Sai dai kujerun gasar kaɗan ne, kuma agogo ne alƙali. Mick Schumacher, ɗan Michael Schumacher mai kambi bakwai, ya ci Formula 2 a 2020, ya yi shekara biyu a Formula 1 da ƙungiyar Haas, sannan ya rasa kujerarsa. Damon Hill da Nico Rosberg kuwa sun zama zakaru kamar iyayensu, ɗaya a 1996, ɗaya a 2016.

Akwai kuma Lewis Hamilton na Ingila, wanda bai gaji tsere ba sam. Mahaifinsa ya riƙa haɗa ayyuka da dama don ya biya masa kuɗin kat, ga shi yau yana da kambi bakwai, daidai da na Michael Schumacher.