Sassabe da Ƙona Kututture: Gyara ga Manomi

Da zarar bazara ta kama, manoma da yawa a ƙasar Hausa sukan shiga sassabe, wato share gona kafin saukar ruwa, su sare duk tohon sabara da kalgo da geza, su tara shi a kan kututture su cinna wuta, bisa zaton cewa itace yana cinye abincin gero, kuma gonar da aka bar wa tsiro gonar rago ce. Wannan zato ya daɗe yana talauta ƙasa, domin gonar da aka aske ƙal ita ce iskar farkon damina ke kwashe wa ƙasar sama, yashi ya binne shukar da ta fito, har a yi shuka sau biyu ko uku.

Gawo kaɗai ya isa hujja. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke buƙatar rana, ya sake ganye da rani, kuma saiwarsa tana tara sinadarin naitirojin, wanda shi ne abin da manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Wanda ya dubi zangarniyar geron da ke gindinsa ya san bambancin.

A jihar Maraɗi ta Nijar, tun wajen 1983, masanin noma Tony Rinaudo da manoman yankin suka gane cewa kututturan nan suna da rai, kuma saiwarsu ta riga ta kai ga damshi. Daga nan aka sami sassaben zamani, wanda aka ƙiyasta ya farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kadada miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, ba tare da dashe ba. Abin takaici ne ganin hukumomi har yanzu sun fi son bikin dashen itatuwa, inda ake ɗaukar hoto da dogon yaro a leda, sannan awaki da rani su gama da shi kafin shekara ta zagayo.

Aikin sassaben zamani ba shi da wuya. Manomi ya zaɓi kututtura masu ƙarfi, ya bar toho uku zuwa biyar mafi miƙewa a kowane, ya sare sauran da kaifaffen gatari ta hanyar sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage, sannan ya riƙa rage rassan ƙasa lokaci-lokaci, waɗanda su ne makamashin gida. Wuta kuwa kada ta kusanci kututture ko kaɗan, domin gatari yana barin saiwa da rai, amma ƙuna a kai a kai takan kashe ta, kuma saiwar da ta mutu sai an shekara da yawa kafin a sami madadinta. Haka nan dole mai gari da makiyaya da malaman daji su amince cewa itacen na wanda ya rene shi ne, domin manomin da ke tsoron tara ko saran dare ba zai bar toho ya girma ba.