Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana Itacen Turarena Kauri a Umdurman?

Tambaya: Na dasa itacen turare a bayan garin Umdurman, ina ba shi ruwa gwargwadon hali, amma ya ƙi kauri, alhali irinsa a Damazin har katako ake samu. Iri ne ba kyau, ko laifin ƙasa ne?
Daga wani mai karatu a Umdurman

Amsa: Kafin ka zargi iri, duba yanayin garinku. Ruwan saman da Khartum da Umdurman ke samu a shekara yawanci bai kai milimita 200 ba, kuma akasarinsa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Damazin kuwa tana samun wajen 700. Ga rana: a Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40.

Ganye yana da 'yan ƙofofin da iska ke shiga, da ita bishiya ke haɗa abincin da zai zama itace. Ta nan kuma ruwa ke fita. Idan iska ta yi zafi ta bushe, sai ganye ya rufe ƙofofin don tattalin ruwa, haɗa abinci ya tsaya. Ɗan abin da aka samu kuma sai ya tafi ga saiwa mai neman danshi, gangar jiki ta tashi a tutar babu.

Shi ya sa dazuzzukan Khartum suka dogara da ruwan da ba na sama ba. Dajin Sunut na bagaruwa, kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ambaliyar kogi ce ta riƙa shayar da shi kowace damina. Shingen turaren da aka dasa kudu da birnin a shekarun 1960 ma da ban ruwa ya rayu.

Kada kuma saurin girma ya ruɗe ka. Bishiyar meskit da aka shigo da ita Sudan a 1917 ta jure fari har ta mamaye gonaki, gwamnati ta ba da umarnin kawar da ita a 1995.

In katako kake so, sai kusa da kogi ko inda ban ruwa ya tabbata. In inuwa ce da kare iska, dasa dogon yaro ko aduwa da farkon damina, ka ba su tazara, ka rufe gindinsu da ciyawa, ka riƙa shayarwa sosai da yamma maimakon yayyafi kullum. Allah Ya ba da sa'a.