Bayan Ɓari, Yaushe Ma'aurata Za Su Sake Neman Haihuwa?

Nassin karatu: Farawa 25:19-26, 1 Sama'ila 1:1-20, 1 Korantiyawa 7:3-5

Gabatarwa

Ɓari makoki ne da ba a zama dominsa. Mace takan dawo daga asibiti hannu wofi, kafin hawayenta su bushe wata ta ce ta hanzarta, wata ta ce ta huta shekara guda. Ma'auratan da suka daɗe suna jira kafin cikin ya samu su ne suka fi shiga ruɗu, gama kowane wata yana da tsada a gare su.

Ɓari ba hukunci ba ne

Cikin kowane ciki 100 da aka tabbatar, kimanin 15 sukan ɓare, yawanci a watanni 3 na fari. Kusan rabin waɗannan kuskure ne a ƙwayoyin halitta tun lokacin da cikin ya shiga. Daka ko ɗaukar tulu ba sa jawo wannan, balle bakin maƙwabciya. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya sukan haihu lafiya daga baya.

Shirin jiki

A shekara ta 2005, taron masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a jira aƙalla wata 6. Amma binciken da aka buga a 2010 a kan mata fiye da 30,000 a Sikotilan ya nuna waɗanda suka ɗauki ciki kafin wata 6 ba su fi sauran shan wahala ba, har ma sun fi su tsira daga sake ɓari. Wani bincike na ƙasar Norwe a 2022 bai ga ƙarin haɗari ga waɗanda suka ɗauka cikin wata 3 ba.

Saboda haka, in ɓarin na farkon ciki ne kuma mahaifa ta wanku sarai, likitoci da yawa sukan ce a dakata da kwanciyar aure sai jini ya ɗauke, a kuma jira al'ada ɗaya domin sauƙin lissafi. Al'adar takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma ciki yana iya shiga tun kafin a gan ta.

Akwai inda jira ya zama dole. In cikin ya zauna a wajen mahaifa aka narkar da shi da allura, sai bayan wata 3. In irin wanda ake kira mola ne, mai kama da tarin 'ya'yan inabi, sai likita ya gama bin gwajin jini, abin da kan ɗauki watanni. Haka kuma in an yi tiyata, ko cuta ta shiga mahaifa, ko cikin ya tsufa kafin ya ɓare, maganar likita za a bi.

Lokacin jira lokacin gyara ne. A duba ƙarancin jini, ciwon sukari da hawan jini, a kwana cikin gidan sauro, a fara shan folik asid kowace rana. Mace mai jinin Resus nagetif ta tambayi likita game da allurar anti-D cikin awa 72 bayan ɓarin. Wadda ta yi ɓari sau 2 ko 3 a jere ta nemi bincike. In shekara ta cika ba ciki, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, miji da mata su je asibiti tare, domin a kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri akwai matsala ta wajen namiji.

Shirin zuciya

Jiki yakan riga zuciya warkewa. Hannatu ta yi kuka har ta ƙi abinci, Littafi Mai Tsarki kuwa bai tsauta mata ba. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, bai ga Isuwa da Yakubu ba sai da ya kai 60. A tsakani ya roƙi Ubangiji saboda matarsa, bai kuwa nemo wata ba. Manzo Bulus ya koyar cewa ƙauracewa juna a aure sai da yardar duka biyu, na ɗan lokaci, domin addu'a. Don haka sa rana aikin miji da mata ne tare da likitansu, ba na surukai ba. In ɗaya bai shirya ba, ɗayan ya jira shi cikin ƙauna. In baƙin ciki ya hana barci da abinci makonni da yawa, a nemi fasto, a kuma nemi likita. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne halin Ishaku yake koya wa mazan ikilisiya?
2. Waɗanne kalmomi ne ba su dace a faɗa wa wadda ta yi ɓari ba?
3. Ta yaya Zumuntar Mata za ta ziyarci irin wannan gida ba tare da tona asirinsa ba?

Abin addu'a

Iyali su tuna da ma'auratan da suke jira, Ubangiji ya ta'azantar da su, ya ba su haƙuri da juna da hikimar sanin lokaci.