Tsohon Injin Goge Katako: Yadda Za Ka Tayar Da Shi Ba Tare Da Asara Ba

Kafintoci da yawa suna cin karo da tsofaffin injinan goge katako a Panteka ta Kaduna, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a gwanjon kayan masana'antun da suka rufe a Bompai da Sharaɗa. Wasu ƙirar Wadkin ne na Ingila, wasu SCM na Italiya, wasu kuma Oliver ko Powermatic na Amurka. Tsatsa da ƙura kan sa mai saye ya raina su, alhali darajar irin wannan inji tana cikin gangar jikinsa ta ƙarfen zubi. Nauyinta ne ke shanye girgiza har katako ya fito sumul. Sauran kayan, boris da bel da waya, duk ana sauya su. Abin da ke jawo asara shi ne yin aikin a birkice, a fara da fenti a ƙare da kuka.

Kafin ka biya kuɗi, goge jikin da tsumma da kananzir ka nemi tsagewa, musamman wajen ƙafafu, da inda tebur ke haɗuwa da jiki, da gidan boris. Ƙarfen zubi ba ya son walda ta yau da kullum. Sai an ɗumama shi, an yi amfani da waya mai nikel, an bar shi ya huce a hankali, kuma ko an yi hakan yana iya sake tsagewa. Tsagewa a murfi ba komai ba ce, amma in a gidan boris take, ka bar wa mai shi kayansa. Sannan ka juya sandar injin da hannu ka lura ko ta lanƙwashe. Ka ƙirga sassan da suka ɓace, domin tebur ko abin ɗaure bel da ya ɓata sai dai a ƙera maka sabo, kuma kuɗinsa na iya fin na injin.

In ka kai shi shago, kada ka jona masa wuta don ka ji ko yana tashi. Karanta farantin da ke jikin motarsa tukuna. Yawancin injinan masana'anta wuta mai layi uku suke sha, volt 380 zuwa 415. Na Turai an yi su ne a kan hertz 50, irin wutarmu. Na Amurka kuwa hertz 60 ne, galibi volt 230 ko 460, kuma a wutarmu gudunsu zai ragu da kashi ɗaya cikin shida: motar da aka rubuta mata juyi 1,725 a minti za ta dawo wajen 1,440. Kira mai gyaran lantarki ya auna kwayil da megger. In awon bai kai megohm 1 ba, laima ta shiga ko rufin wayar ya ruɓe. A busar da motar a sake awo, in bai hau ba a kai ta ga masu naɗin kwayil. Duk tsohuwar waya mai rufin roba ko zane a cire ta, a sa wayar ƙasa a jikin injin.

Makunnin ma a sauya shi da irin wanda ke sakin kansa idan wuta ta ɗauke. A inda wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, tsohon makunni na nufin injin zai tashi da kansa lokacin da yaron shago ke share tebur da hannu.

Wajen kwancewa, wayar salularka ce babbar mataimakiya. Ɗauki hoton kowane sashe kafin ka taɓa shi, ka zuba notinan kowane wuri a ledarsu daban da takarda. Kada ka jefar da ko ɗaya. Tsofaffin injinan Ingila suna amfani da zaren Whitworth, na Amurka ma awon inci ne, notin milimita na kasuwa ba zai hau ba, in ka tilasta shi ka ɓata zaren. Notin da ya ƙi motsi a jiƙa shi da man kwance tsatsa ya kwana, gobe a ɗan gasa shi. Ka tuna wasu notinan bakin sanda hagu suke ɗauruwa, wanda bai sani ba yana ƙara ƙulle su yana zaton kwancewa yake. Fuli da boris a zare su da abin zarewa na makanikai. Guduma a kan ƙarfen zubi fashewa ce.

Boris duk a sauya su, ko da suna juyawa, domin giris ɗin cikinsu ya daɗe da daskarewa. Lambar tana jikin kowanne, kamar 6205 ko 6206. Nemi mai 2RS a ƙarshe, wato mai murfin roba gefe biyu, shi ne ke hana garin katako shiga. Tsofaffin Wadkin sukan zo da boris na awon inci, don haka ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka. In injin ya tsufa ƙwarai har sandarsa a cikin farin ƙarfe mai laushi take kwance, ana ɗiga mata mai ta kofi, kada ka yi saurin canja tsarin. Muddin sandar ba ta wasa, wanke hanyar man ya wadatar.

Tsatsar tebur a cire ta da kananzir da samfefa mai laushi naɗe a kan katako miƙaƙƙe. Kada a sa injin gurza ƙarfe, domin yana barin kwari da tudu, teburin da ya rasa daidaitonsa kuwa ba zai ƙara ba ka aiki miƙaƙƙe ba. Bayan nan a shafa kakin zuma. Farantin da ke bayan bel ɗin samfefa shi ma a duba shi da rula ta ƙarfe. In ya yi kwari a kai shi a daidaita, a manna masa sabon zanen garafait. Gangunan da bel ke hawa kuwa, za ka ga ɗaya ta ɗan fi kauri a tsakiya. Da gangan aka yi ta haka, wannan tudun ne ke riƙe bel kada ya zame gefe, kada mai feƙe ƙarfe ya miƙar maka da shi.

Sai yanzu fenti. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, guba ce, don haka a kankare shi a jiƙe, da takunkumi, nesa da yara. Kada fenti ya taɓa tebur, ko sanda, ko farantin bayanai.

Ranar gwaji, fara tayar da motar ita kaɗai ka ga ta wane gefe take juyawa. In baya take yi, a musanya layi biyu daga cikin ukun. Sannan ka sa bel ɗin samfefa yadda kibiyar cikinsa ta nuna, ka juya da hannu har ya zauna tsakiya kafin ka ba shi wuta. In injin mai faifai ne, tazarar faifan da tebur kada ta wuce milimita 2, kuma a yi guga a gefen da ke gangarowa ƙasa. Bar shi ya yi gudu ba kaya na ɗan lokaci, ka kashe, ka taɓa gidan boris: ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa kuwa alamar an matse ko an karkace.

A mayar da duk murafen kariya, a haɗa bututun zuƙe ƙura. Garin iroko da maɗaci yana jawo asma, kuma tartsatsi ɗaya yana kunna tarin garin katako, saboda haka kada a goge ƙarfe a wannan injin. Ka fara da samfefa mai lamba 60 ko 80, ka ƙare da 120 ko 150. Kowace yamma a sassauta bel, a share gari. A kuma rubuta ranar da aka sauya boris a cikin murfin, domin wanda zai buɗe shi bayanka ya san inda zai fara.